Hunainu ɗan Is'haƙa, tafintan da ya ƙi haɗa ma sarki guba

Duk wanda ya taɓa halartar ranar da ɗalibin likita ke kare littafinsa na ƙarshen karatu a jami'ar Yamai, ya san abin da ake rufe taron da shi. Bayan malamai sun yi shawara sun faɗi sakamako, sai ɗalibin ya miƙe tsaye, ya ɗaga hannu, ya yi rantsuwar da ake jingina ma Ipokarat, likitan Yunanawa wanda ya rayu wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wanda Larabawa ke ce ma Buƙrat. Kalmomin da ake faɗi yau an sabunta su, amma tushen yana nan. Iyaye su yi tafi, a ɗauki hoto, a watse. Ba kowa ne ke tambayar kansa ba ko rantsuwar nan ta taɓa sa wani cikin halin mutuwa ko rai. A makon nan za mu ba masu karatu labarin wani mutum na Bagadaza wanda ya fassara littattafan da ke koyar da ita, sa'an nan aka wayi gari ya tsaya a kanta gaban takobi.

Sunansa Hunainu ɗan Is'haƙa al-Ibadi. An haife shi wajen shekara ta 809, wato 194 ta Hijira, a garin Hira kusa da Kufa, cikin ƙasar Iraƙi. Hira tsohon birni ne na sarakunan Larabawa tun kafin zuwan Musulunci, kuma danginsa, waɗanda ake kira Ibad, Larabawa ne Kiristoci masu bin ɗariƙar Gabas da ake ce ma Nasturawa. Da harshe biyu yaron ya tashi: Larabci na gida da kasuwa, da Suryananci na addu'a da makaranta. Mahaifinsa mai haɗa magunguna ne, saboda haka tun yana ƙarami ya san ƙamshin saiwoyi da nauyin ma'auni.

Da ya tasa sai ya nufi Bagadaza neman ilimin likita. A wancan zamani sana'ar tana hannun waɗansu gidaje ƙalilan da suka fito daga Jundisabur ta ƙasar Farisa, kuma suna riƙe da ita kamar gado, uba ya miƙa ma ɗa. Hunainu ya zauna gaban ɗaya daga cikin manyansu, Yuhanna ɗan Masawaihi, likitan halifofi, yana karanta littafin Jalinus a kan ƙungiyoyin likitoci da saɓaninsu. Sai dai yaron yana da wani hali da malamin bai jure ba: yawan tambaya. Wata rana ya yi tambayar da ta ƙure shi, Yuhanna ya fusata, ya gaya masa mutanen Hira ba su da haɗi da aikin likita, gara ya je bakin hanya ya zauna canjin kuɗi kamar ƴan garinsu. Aka fitar da shi yana kuka. Duk malamin lakwal da ke karanta wannan shafi ya san irin yaron, wanda hannunsa ba ya sauka, kuma ya san yadda zuciya ke raya ma mutum ya yi masa tsawa.

Hunainu ya ɓace daga Bagadaza na ƴan shekaru. Abin da ya gane shi ne malamansa ba su karanta Jalinus da harshen da ya yi rubutu ba, da tsofaffin fassarorin Suryananci suke aiki, waɗansu cike da kure. Don haka ya tafi ya koyi Yunananci. Wani mai suna Yusufu ɗan Ibrahim, wanda ya san shi tun a zauren Yuhanna, ya ba da labarin ya shiga wani gida a Bagadaza ya iske baƙo mai dogon gashi yana rera waƙoƙin Homer da ka cikin Yunananci, bai gane shi ba sai da ya saurari muryarsa. Ba a jima ba fassarorinsa na farko suka fara yawo hannun likitoci. Shi da kansa ya rubuta cewa yana da shekara wajen 17 ya fassara ma Jibrilu ɗan Bahtishu, babban likitan fada, wani littafin Jalinus. Da aikin ya kai ga Yuhanna, tsohon ya san ya yi kuskure, ya nemi sulhu. Hunainu bai riƙe shi a zuciya ba. Daga baya ya fassara masa littattafai da dama.

Ya kamata mu ɗan tsaya kan wanga Jalinus, domin rayuwar Hunainu kusan duka a kansa ta ƙare. Likita ne Bayunane daga garin Fargamon, cikin ƙasar Turkiyya ta yanzu, ya rayu a ƙarni na 2 bayan haihuwar Annabi Isa, ya yi ma sarakunan Rum aiki. Ya bar rubutu mai yawan gaske. Wajen shekara ta 856 Hunainu ya rubuta ma wani babban mutumin fada, Aliyu ɗan Yahaya, wasiƙa doguwa inda ya jera littattafai 129 na Jalinus, yana faɗin abin da kowane ya ƙunsa, wa ya fassara shi, da wane harshe, domin wa, kuma ko fassarar ta yi kyau ko ba ta yi ba. Bisa ga ƙidayar masana, shi kansa ya mai da 95 cikin Suryananci, 39 cikin Larabci. Wasiƙar ta kwanta cikin wani ɗakin littattafai na Istanbul har wani Bajamushe, Bergsträsser, ya buga ta a 1925. Ita ce madogara mafi ƙarfi a kan rayuwarsa, domin da hannunsa ya rubuta ta.

A cikinta ne ya bayyana yadda ake karatun likita a Iskandariya ta Masar kafin zamaninsa. Ɗalibai kan taru kowace rana su karanta babban littafi guda tare, malami na yi musu bayani, kamar yadda ya ga ƴan'uwansa Kiristoci na yi a makarantunsu na Bagadaza. Karatun yana da jeri. Mafari kan soma da ƙananan littattafai huɗu: na ƙungiyoyin likitoci, da na taƙaitaccen ilimin sana'ar, da na bugun jijiya, da na jiyya wanda Jalinus ya rubuta ma abokinsa Galaukon. Daga nan su wuce ga ƙirar jiki da yanayinsa, sa'an nan dalilan cututtuka da alamunsu, sa'an nan masassara da ranakun da ciwo ke juyawa, su ƙare da hanyar warkarwa da ta kiyaye lafiya. Wannan jerin ne Larabawa suka riƙa kira littattafai 16. Hunainu da almajiransa suka mai da shi cikin harshen da ɗalibin Bagadaza zai iya karantawa, kuma da shi aka yi ta horar da likitoci a ƙasashen Musulmi shekaru aru-aru.

Amma bai tsaya ga littattafan masassara da jijiya ba. Akwai wani ɗan littafi na Jalinus, bai wuce ƴan shafuka ba, wanda ke cewa likita na ƙwarai dole ya zama masanin falsafa. Hunainu ya fassara shi da Suryananci, ya kuma fassara shi da Larabci. Hujjar Jalinus a fili take. Likita na buƙatar mantiƙi don ya rarrabe cuta da cuta, kada ya kafa hukunci kan zato. Yana buƙatar sanin halitta don ya gane jikin da yake taɓawa. Yana kuma buƙatar gyaran hali, domin mai kwaɗayin kuɗi da mai bin daɗin ciki ba za su iya doguwar wahalar da karatun ke nema ba, kuma ko sun iya, wata rana kwaɗayin zai karkatar da hannunsu. A ganin Jalinus, lalacewar likitocin zamaninsa daga fifita dukiya kan nagarta ta faro. Da wannan fassara gyaran hali ya shiga cikin karatun likita na Larabci a matsayin sashe na sana'ar kanta, daidai da sanin ƙashi da jijiya.

Wani littafin kuma na yadda marar lafiya zai gane likita na gaskiya, asalinsa na Yunananci ya ɓace, da Larabcin Hunainu kaɗai ya iso mana. A ciki Jalinus na gargaɗin mutane su yi hattara da likitocin da ke kwana ƙofar attajirai suna fadanci, su duba wanda ya iya faɗin yadda ciwo zai kasance tun kafin ya kasance, su fifita wanda ke warkarwa da magani inda wani zai ɗauki wuƙa, da wanda ke warkarwa da abinci inda wani zai ba da magani. Haka kuma Hunainu ya fassara wani sharhi kan rantsuwar Buƙrat da ake jingina ma Jalinus, ya ƙara nasa bayani a wuraren da suka yi wuya, almajiransa suka mai da shi cikin Larabci. Rantsuwar ta ɗora ma likita ya girmama malaminsa kamar iyayensa, ya rufe asirin gidan da ya shiga, kada ya ci amanar matan gidan ko mazansa, kuma kada ya ba kowa maganin kisa ko da an roƙe shi, kada ma ya nuna hanyarsa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne aka jarraba shi da shi. Halifa Mutawakkil, wanda ya yi mulki daga 847 zuwa 861 yana zaune a Samarra, ya ji labarin gwanintarsa, ya so ya jawo shi fada. Amma sarki na tsoro. Mutumin nan Kirista ne, ya iya harshen Rumawa, ga kuma yaƙi tsakanin daular da Rum. Wa ya san ko an turo shi ne? Bisa ga labarin da ya iso mana, halifa ya kira shi, ya yi masa kyautar riguna da takardar dirhami 50.000, sa'an nan ya ce yana da wani maƙiyi da yake so a kawar a asirce, Hunainu ya haɗa masa magani. Hunainu ya amsa cewa shi magungunan amfani kawai ya koya, bai taɓa zaton Sarkin Muminai zai nemi wani iri ba. Aka lallashe shi, aka tsorata shi, bai canja ba. Sarki ya sa aka kai shi gidan kaso cikin wata ganuwa, ya sa a riƙa kawo masa labarin abin da yake yi. Shekara guda ya yi can, kuma abin da ƴan rahoto suka gani shi ne mutum zaune yana fassara yana rubutu.

Da shekara ta cika aka fito da shi. A gefe guda an tara dukiya, a ɗaya gefen an ajiye takobi da ƙirgin da ake shimfiɗa ma wanda za a sare. Sarki ya maimaita buƙatarsa, ya ce in ya ƙi zai kashe shi. Hunainu ya ce ba shi da abin ƙarawa kan amsarsa ta farko, kuma yana da Ubangiji da zai karɓar masa hakkinsa ranar tsayuwa. Nan halifa ya yi murmushi, ya gaya masa ya kwantar da hankali, gwaji ne. Ya tambaye shi abin da ya hana shi, alhali ya ga alamar da gaske ake. Hunainu ya ce abu biyu ne, addini da sana'a. Addininsa ya umarce shi da kyautata ma maƙiyi, balle masoyi. Sana'arsa kuwa an kafa ta don amfanin ɗan Adam, kuma an rataya ma likitoci alkawari da rantsuwa mai nauyi cewa ba za su ba da maganin kisa ba.

Mai karatu ya lura da amsar. Da ya tsaya kan addini kaɗai, da sarki Musulmi zai iya cewa wannan hanyar Kiristoci ce. Amma ya kafa hujja ta biyu kan sana'ar, wadda ta ɗaure Musulmi da Kirista da Bayahude da ke aikin likita a Bagadaza da igiya guda. Wanda ya adana mana labarin, Ibn Abi Usaibi'a, likitan ido ne Musulmi na Dimashƙa, ya rasu a 1270, wato kusan shekara 400 bayan Hunainu. Labarin da ya yi irin wannan doguwar tafiya ba ya rasa ado. Abin da ke tabbas shi ne likitocin Sham da Masar sun riƙe shi, sun sa shi cikin babban littafin tarihin sana'arsu tare da nassin rantsuwar da Larabci, don ɗalibi ya san amsar da ake jira daga gare shi in mai mulki ya nemi haka. Kuma masu mulki sun nema. A birnin Nuremberg na Jamus, tsakanin 1946 da 1947, an gurfanar da mutum 23, cikinsu 20 likitoci, saboda gwaje-gwaje da kisan da suka yi ma fursunoni da marasa lafiya bisa umarnin gomnatin Hitler. Aka yanke ma 7 hukuncin kisa. Bayan haka ne ƙungiyar likitoci ta duniya ta sabunta rantsuwar a Janeba cikin 1948.

Jarrabawa ta biyu ta fi ɗaci, domin daga abokan sana'a ta fito, waɗanda kuma addininsu guda da shi. Ɗaukakarsa a fada ta tsone ma sauran likitoci ido, suna cewa shi tafinta ne kawai, ba likita ba. Wani bayani da ake jingina ma Hunainu kansa ya ce Bahtishu ɗan Jibrilu, ɗan mutumin da ya yi ma fassara tun yana yaro, shi ya ƙulla makircin. Ya rinjaye shi ya tofa yawu kan wani zanen Nana Maryamu da ɗanta a gaban halifa, yana nuna masa cewa sarki gwada su yake yi ko suna bautar zane. Da ya tofa, sarki ya miƙa maganar ga shugaban cocinsu. Aka yi masa bulala 100, aka rufe shi wata 6, aka ƙwace gidansa da littattafansa. Sai da halifa ya kwanta ciwo sauran likitoci suka kasa, sa'an nan aka tuna da shi. Bayanin ya ce da aka mai da shi matsayinsa, shi ne ya roƙa ma waɗanda suka cuce shi gafara. Masana na jayayya kan ko shi ya rubuta wannan bayani, amma asarar littattafan gaskiya ce, domin a wasiƙarsa ga Aliyu ɗan Yahaya ya ambaci cewa ya rasa dukan littattafan da ya tara ɗaya bayan ɗaya tun tasowarsa, a ƙasashen da ya bi.

Wanda ya san yadda ya tara su zai gane girman asarar. Akwai littafin Jalinus a kan kafa hujja, wanda Hunainu ya bi Jazira da Sham da Falasɗinu da Masar har Iskandariya yana nema, bai samu ba sai wajen rabinsa a Dimashƙa. Littafin ƙungiyoyin likitoci kuwa, wanda aka kore shi a kansa, ya fassara shi yana da shekara 20 daga kofe guda mai yawan kure. Da ya kai wajen 40, ya tara kofe da dama, ya gwama su har ya fitar da ingantaccen nassi, ya sake aikin daga farko. Ya ce haka ya saba yi da duk abin da zai fassara. Wani marubucin ƙarni na 14, as-Safadi, ya ce masu fassara na zamanin kashi biyu ne: masu sa kalmar Larabci ƙarƙashin kowace kalmar Yunananci, da masu karanta jimla su fahimce ta sa'an nan su faɗi ma'anarta da Larabci mai kyau, kuma ya sa Hunainu a kan kashi na biyu. A wani wuri Jalinus ya kawo baitocin Aristofan, mai rubuta wasan kwaikwayo. Hunainu ya iske kofensa ya lalace, bai saba da salon mawaƙin ba, sai ya tsallake su, ya kuma rubuta ƙarara cewa ya tsallake da dalilinsa. Mu da muke cin abinci da fassara mun san yadda yake da sauƙi a cike irin wannan gurbi da zato a yi shiru. A littafin magani, zaton tafinta na iya komawa ma'aunin da za a ba marar lafiya. Abu guda da ya yarda ya sauya shi ne gumakan Yunanawa: inda marubuci ya ambaci alloli, sau da yawa yakan sa Allah ko mala'iku.

Aikin yana da tsada, kuma akwai masu biya. Ƴaƴan Musa ɗan Shakir su uku, Muhammadu da Ahmadu da Hasan, masana lissafi kuma attajirai, an ce suna kashe wajen dinari 500 kowane wata kan ƙungiyar masu fassara da Hunainu ke ciki. Ana kuma ba da labarin Halifa Ma'amun na biyansa zinariya daidai nauyin littafi, shi ya sa yake zaɓar takarda mai kauri da manyan baƙaƙe. Wannan ya fi kama da hirar zaure.

Na kansa ma ya wallafa. Wanda ya fi yaɗuwa shi ne littafin tambayoyi kan ilimin likita domin mafara, wanda ɗan ƴar'uwarsa Hubaishu ya kammala. Tambaya ce da amsa daga farko har ƙarshe, daga hannun mutumin da aka kora don tambaya. A ƙarshen ƙarni na 11 aka mai da shi cikin Latinanci a ƙasar Italiya, ana jingina aikin ga Kustantin ɗan Afirka, mutumin ƙasar Tunisiya ta yanzu wanda ya zauna gidan ibada na Monte Kasino. Turawa suka juya sunan Hunainu ya koma Yohanisiyus, littafin ya zama na farko cikin tarin da ɗaliban likita ke somawa da shi a Salerno da Paris da Mompeliye, har cikin ƙarni na 16. Littafinsa na maƙaloli 10 a kan ido, wanda Max Meyerhof ya buga a Alƙahira cikin 1928, kofensa na ɗauke da zanen sassan ido da ke cikin mafi tsufa da aka sani.

Hunainu ya rasu a shekara ta 873, wato 260 ta Hijira, bisa ga Ibn an-Nadim. Ɗansa Is'haƙa ya gaje shi, ya karkata ga Aristo da Uƙlidis da Batlimus. A 931, bayan wani marar lafiya ya mutu ta dalilin kuskuren likita, Halifa Muƙtadir ya hana kowa yin aikin a Bagadaza sai Sinan ɗan Sabit ya jarraba shi. Waɗanda suka zo jarrabawar sun haura 860. A ƙarni na 12 kuma, littafin ash-Shaizari na aikin muhtasibi, jami'in da ke duba kasuwa da sana'o'i, ya ɗora masa ya karɓi rantsuwar Buƙrat daga likitoci, ya kuma jarraba masu maganin ido da maƙaloli 10 na Hunainu kafin a bar su su taɓa idon kowa.